Yadda Ake Cire Tabon Ƙwari Daga Gaban Mota Ba Tare Da An Ƙarce Fenti Ba

Duk wanda ya yi doguwar tafiya a mota da magariba ko da dare, musamman bayan saukar ruwa lokacin da ƙwari ke ɓarkewa, ya san yadda gaban motarsa ke wayar gari. Bamba, bakin bonet, fitilu, lambar mota, bayan madubin gefe, ko'ina ya yi dabbare-dabbare da rawaya da ja da baƙi. Abin da hannu ke fara rarumowa shi ne tsumma, sai a sa ƙarfi a hau gurza, kuma a nan ne ake yin ɓarnar. Tabon ƙwaro jiƙa shi ake yi har ya saki da kansa. Ƙarfin hannu ba ya ƙara komai sai ƙarce.

Me ya sa yake maƙalewa haka?

Idan ƙwaro ya yi karo da motar da ke gudun kilomita 100 a awa, fashewa yake yi, ruwan jikinsa da kayan cikinsa su fantsama a jikin fenti. Wannan ruwa cike yake da furotin da maiƙo da sinadaran da ƙwaron ke narkar da abincinsa da su. Iskar gudu tana busar da shi cikin 'yan mintoci, sannan zafin inji daga ƙasa da zafin rana daga sama su gasa shi. Baƙar mota da ta yini a rana jikinta na iya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, kuma furotin idan ya sha irin wannan zafi daskarewa yake yi ya kama abin da yake kai. Shi ya sa tabon jiya ke fita da ruwa kaɗai, na makon jiya kuwa sai an yi da gaske.

Matsalar ba ta tsaya ga muni ba. Yayin da ƙwayoyin bakteriya ke ruɓar da gawar, tsaminta na ƙaruwa, tsamin kuma yana cin shafin ƙarshe na fenti, wato kiliyar da ke ba mota sheƙi. Kaurin wannan shafi a motocin da suka fito daga kamfani bai cika wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, bai ma kai kaurin silin gashin kan mutum ba. Da zarar tsamin ya ci shi, ko an wanke tabon tas siffarsa na nan a zane. A jihar Fulorida ta Amurka akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu tashi bibbiyu a manne, da ke fitowa tuli sau biyu a shekara, wajajen watan Mayu da watan Satumba, kuma masu motoci a can sun daɗe da sanin cewa barinsu a jikin mota na 'yan kwanaki kan bar tabon da ba ya goguwa.

Abu na uku shi ne ɓawon ƙwaron. Fukafukai da ƙafafu da sulken bayansa suna da tauri, ga ƙurar hanya da ta manne a jikin danshin. Idan ka sa busasshen tsumma ka gurza, waɗannan ɓurɓushi ne kake ja a kan fenti. Siraran layukan da ake gani a bonet idan rana ta haska, da yawansu daga nan suka samo asali.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa. Bokiti biyu, sabulun wankin mota na ruwa wanda aka rubuta cewa ba shi da tsami kuma ba shi da kaifi, maganin cire tabon ƙwari na feshi, tsummokaran maikurofaiba masu laushi guda biyar ko shida, tsohon tawul babba mai tsabta, ƙaramin burushi mai laushin baki, da tiyo ko kwalbar fesa ruwa. Akwai soso na musamman da ake yi don wannan aiki, mai lulluɓin raga mai laushi. Yana da amfani, amma ba dole ba ne. Idan tabon ya daɗe, za ka buƙaci yumɓun gyaran fenti, wato wani curi mai danƙo da ke ɗauke abin da ya maƙale a kan fenti, da ruwan santsinsa, da man goge fenti mai laushi, da kakin mota ko wani shafin kariya. Ka sa safar hannu, domin yawancin magungunan cire ƙwari suna da kaifi irin na kanwa, suna busar da fata, kuma bai kamata su shiga ido ba.

Mataki na farko: ka bar motar ta huce

Ka kai ta inuwa, ka kashe inji, ka ba ta lokaci. Ɗora bayan hannunka a kan bonet: idan ba za ka iya barinsa a wurin cikin natsuwa ba, lokacin aiki bai yi ba. Sassafe ko bayan faɗuwar rana ya fi dacewa. Mutane na raina wannan mataki, alhali duk sauran aikin a kansa ya dogara. A kan ƙarfe mai zafi ruwa ba ya zama ya jiƙa komai, magani kuma bushewa yake yi kafin ya yi aiki, ya bar nasa tabon wanda wani lokaci ya fi na ƙwarin wuyar fita, musamman a kan baƙar roba da ba a yi wa fenti ba.

Mataki na biyu: kurkura

Ka zuba ruwa sosai daga sama zuwa ƙasa, ba tare da ka taɓa jikin motar da komai ba. Manufar ita ce yashi da ƙura da fukafukan da ba su kama sosai ba su tafi. Idan da injin wanki mai ƙarfin feshi kake aiki, ka sa bakin da ke baza ruwa da faɗi, ka ja baya aƙalla santimita 30, kuma ka karkata feshin maimakon ka saita shi tsaye a wuri guda. Inda dutse ya taɓa fasa fenti, ko gefen ledar kariya da ake manna wa jikin mota, ko gefen wani rubutu da aka manna, nan ne ruwa mai ƙarfi ke shiga ƙarƙashi ya ɗaga. Bamba ta roba ce, fentinta ya fi na ƙarfe saurin ɓantarewa.

Mataki na uku: jiƙawa, wanda shi ne ainihin aikin

Ka zuba ruwa mai ɗumi a bokiti, irin ɗumin da hannu ke jurewa, ka sa sabulun mota gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Tsoma tawul ko tsummokara biyu uku, kada ka matse, ka shimfiɗa su a kan inda tabon yake. A bakin bonet za su zauna da kansu. A bamba da take tsaye, ka maƙale gefen tawul ɗin a bakin bonet ka rufe a hankali ya rataya, ko ka riƙa manna jiƙaƙƙen tsumma, nauyin ruwan zai riƙe shi. A madubin gefe ka naɗe shi gaba ɗaya.

Ka bar su minti 10 zuwa 15. Idan sun fara shan iska, ka ƙara zuba ruwan sabulu a kansu ba tare da ka ɗaga ba. Abin da ke faruwa a ƙarƙashi daidai yake da na busasshen jini a jikin riga: ruwa ne ke komawa cikinsa a hankali har ya yi laushi ya saki zaren. Ba abin da zai hanzarta shi sai ɗumi da haƙuri. Idan ka ɗaga tawul ɗin, kada ka ja shi a kan fenti, ka ɗauke shi sama tsaf. Za ka ga rabin tabon ko fiye ya biyo shi, sauran kuma ya kumbura ya yi taushi.

Yanzu ne lokacin maganin feshi. Ka fara gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa, kamar ƙasan bamba, ka ga ko zai canza launin roba. Idan lafiya, ka fesa a kan tabon daga ƙasa zuwa sama, domin idan ka fara daga sama maganin na gangarowa ya bar layi a busasshen wuri. Ka yi ɓangare-ɓangare, kada ka fesa wa gaban motar duka a lokaci guda. Tsawon lokacin da za a bar shi yana rubuce a jikin kwalbar, kuma ya bambanta: wani ƙasa da minti ɗaya, wani har minti biyar. Ka bi abin da aka rubuta. Doka ɗaya ce ta haɗa su duka, kada ya bushe a jikin mota. Idan ka ga ya fara ƙafewa, ka ƙara fesawa kaɗan ko ka kurkure.

Magungunan nan kala biyu ne a galibi. Akwai masu kaifi, waɗanda ke narkar da furotin da maiƙo da sauri amma suna cinye kakin da aka shafa wa mota, kuma suna iya dusashe sassan alminiyam da ba a rufe ba. Akwai kuma masu sinadarin da ke narkar da furotin sannu a hankali, sun fi sauƙi a kan fenti amma suna son ƙarin lokaci. Ni a ganina, wanda ke wanke motarsa a kai a kai nau'i na biyu ya ishe shi. Mai kaifin a ajiye shi don ranar da tabo ya kwana biyu.

Idan babu maganin kwata-kwata, kada ka damu. Jiƙawa da tawul sau biyu ko uku a jere na yin kusan duk abin da maganin zai yi, lokaci kawai zai ci.

Mataki na huɗu: ɗauke tabon

Ninka tsumman maikurofaiba gida huɗu, ka jiƙa shi sharkaf da ruwan sabulu. Ka ɗora shi a kan tabon, ka ja a miƙe zuwa gefe ɗaya, da nauyin hannunka kawai. Kada ka yi zagaye, domin ƙarcen da ya zagaya yana kama haske ta kowace fuska, shi ya sa ya fi bayyana. Bayan ja ɗaya ko biyu ka juya zuwa fuskar tsumman da ba ta taɓa datti ba. Idan fuskokin sun ƙare, ka wanke shi a bokiti na biyu mai ruwa zalla, ka matse, sannan ka mayar da shi cikin na sabulu. Amfanin bokiti biyu ke nan: dattin ya tsaya a ɗaya, kada ya dawo jikin mota.

Idan da soson raga kake aiki, ka jiƙa shi a ruwan ɗumi na 'yan mintoci tukuna ya yi laushi, kuma kada ka taɓa sa shi a fentin da babu kumfa a kai. A baƙar mota ko mai launi mai duhu ni dai na fi natsuwa da tsumma, domin irin wannan fenti ba ya ɓoye ko ɗan ƙarce.

Wurin da ya ƙi fita bayan ja uku ko huɗu, ka ƙyale shi. Hannu zai so ya ƙara dannawa, farce zai so ya kankare. Kada ka yarda. Ka sake ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kansa ka wuce wani wuri, ka dawo bayan minti biyar.

A lungunan tambarin mota, da gefen lamba, da tsakanin haƙoran ragar gaba, burushi mai laushi da kumfa ne ke aiki.

Mataki na biyar: wanke da kurkura

Ka wanke gaban motar duka da sabulun mota kamar yadda aka saba, ka kurkure sosai, musamman ramuka da mahaɗar bamba da fitila inda magani ke laɓewa ya gangaro daga baya. Sannan ka tsane ruwan da busasshen tsumma mai laushi. Sai jiki ya bushe ake ganin gaskiyar abin da ya rage, domin ruwa na ɓoye tabo.

Abin da ya rage bayan wanki

A nan dole ka bambance abu biyu da ke kama da juna a ido: ragowar ƙwaro da ke zaune a kan fenti, da ramin da tsami ya ci a cikin fenti. Sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa wurin a hankali. Leda na ƙara wa yatsa jin duk wani tudu. Idan ka ji gurje-gurje, akwai abin da ke sama, kuma zai fita. Idan wurin sumul yake amma siffar tabon na nan, kamar an zana ta da dusashewa, to kiliya ce ta ciwu.

Ga abin da ke sama, idan yana da danƙo ko ya haɗu da kwalta da mota ta kwaso a hanya, maganin cire kwalta na mota ya fi na ƙwari aiki. Mutane da yawa na amfani da WD-40, man feshin nan da ake sa wa ƙarfen da ya yi tsatsa, kuma yana sassauta tabo, sai dai yana barin maiƙo kuma yana ɗauke kaki. Idan za ka sa shi, ka fesa a tsumma ba a jikin mota ba, ka dafa a wurin na minti ɗaya ko biyu, ka goge, sannan ka wanke da sabulu nan take. Kada ya kusanci gilashin gaba, domin maiƙonsa na sa waifa ta riƙa barin hazo.

Idan gurje-gurjen bai tafi ba, sai yumɓun gyaran fenti. Ka gutsuri ɗan kaɗan, ka murza shi a hannu ya yi laushi, ka baje shi ya yi faɗin yatsu uku. Ka fesa ruwan santsi da yawa a wurin, ka riƙa zame yumɓun gaba da baya ba tare da dannawa ba. Da farko za ka ji yana kamawa har ka ji ƙararsa, can sai ya fara sulɓewa shiru. Wurin ya tsarkaka ke nan. Ka ninke shi ka fito da sabuwar fuska kafin ka matsa gaba. Idan ya faɗi ƙasa, ka jefar, komai sabuntarsa, domin yashin da ya ɗauka ba ya fita. Yumɓu na ɗauke kaki, kuma a fenti mai laushi yakan bar ɗan hazo, don haka bayansa ana son gogewa da sabon shafin kariya.

Ga ramin da tsami ya ci kuwa, babu sabulun da zai fitar da shi, domin ba datti ba ne. Gyaransa shi ne a rage kiliyar da ke kewaye da shi kaɗan har wurin ya daidaita. Ja farcenka a hankali a kansa. Idan bai kama ba, ramin bai yi zurfi ba: ɗiga man goge fenti mai laushi a kan soso na shafawa, ka goge ɗan wurin da matsakaicin dannawa na ɗan lokaci, ka share, ka duba da tocila a karkace. Ka maimaita sau biyu ko uku. Idan ya ragu amma bai ɓace ba, ka tsaya a nan. Ka tuna yadda shafin yake da siranta. Duk gogewa rage shi take yi, kuma ba ya tsirowa. Gefen bonet da kan lanƙwasar bamba sun fi ko'ina sirantar fenti, nan ne aka fi hudawa. Idan farce ya kama, ko ka ga wurin ya yi tsage-tsage, aikin ya wuce na gida, sai a kai wa mai gyaran fenti da ke da na'urar auna kaurinsa. Gara ɗan tabo da sai an sunkuya ake gani, da faffaɗan wuri da aka goge har kiliya ta ƙare.

Mai mota da fentinta ba ya sheƙi, irin wanda aka yi shi a dushe da gangan, ko wadda aka naɗe da ledar launi marar sheƙi, ya tsallake yumɓu da man gogewa da kaki gaba ɗaya. Suna sa wurin ya yi ƙyalli, kuma ba a iya mayar da shi yadda yake. Nasa jiƙawa ce kawai da maganin da aka rubuta cewa ya dace da irin wannan jiki.

Gilashin gaba

Gilashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, saboda haka aikinsa ya fi sauƙi, amma shi ne ya shafi rai. Tabon ƙwari da maiƙonsu na baza hasken fitilun motar da ke tahowa da dare har mutum ya kasa ganin hanya. Ka ɗaga waifa, ka jiƙa gilashin kamar yadda ka yi wa fenti, ka goge da soson raga, a nan kana iya ɗan dannawa. Wanda ya ƙi fita, sabuwar reza na cire shi: gilashin ya kasance a jiƙe, rezar a kwance kusan manne da gilashi, ka tura gaba kawai, kada ka ja ta gefe. Wannan a wajen gilashin gaba ne kaɗai. Ban da madubi, ban da fitila, ban da cikin gilashin da aka manna wa leda mai duhu.

Ka gama da ruwan goge gilashi da busasshen tsumma. Sannan ka goge bakin robar waifa da jiƙaƙƙen tsumma har baƙi ya daina fita, in ba haka ba ruwan farko da zai sauka zai mayar da maiƙon kan gilashi. Idan motarka na da kyamara a bayan madubin ciki, ka tabbata wurin da take leƙowa ta gilashi ya fita fes.

A kan hanya kuma, kada ka kunna waifa a busasshen gilashi da ƙwaro ya fashe a kai. Shafe shi za ta yi ko'ina, ɓawon kuma ya ci bakin robar. Ka fesa ruwa da yawa tukuna, kuma a tankin ka riƙa zuba ruwan wanke gilashi na mota maimakon ruwa zalla.

Fitilu

Suna kama da gilashi amma a motocin zamani roba ce mai tauri da ake kira polikabonet, da siririn shafi a sama mai kare ta daga hasken rana. Idan aka kankare wannan shafi, fitilar na saurin yin rawaya da hazo. Sinadarai masu narkar da fenti kuma suna sa ta yi ƙananan tsage-tsage da ba sa gyaruwa. Ka bi da ita yadda ka bi da fenti, har ma da ƙarin lallami: jiƙawa, sabulu, tsumma mai laushi. Kada ka zuba mata ruwan sanyi tana da zafi bayan doguwar tafiya.

Ragar gaba da abin da ke bayanta

Nan ne aka fi mantawa da shi saboda ido ba ya kaiwa. Ka haska tocila ta cikin ragar. Abin da za ka gani mai siraran haƙora shi ne kwandansan esi, wato sashen da ke fitar da zafin esi waje, lagireto na bayansa. Ƙwari da ganye na toshe tsakanin haƙoran, iska ta ragu, esi ya rage sanyi, a cunkoson hanya kuma zafin inji ya riƙa hawa. Sai inji ya huce sarai ake taɓa wurin. Ka fesa ruwan sabulu, ka bari ya jiƙa, ka kurkure da tiyo mai sassauƙan ƙarfi, a miƙe ba a karkace ba. Haƙoran na alminiyam ne, sirara ƙwarai, feshi mai ƙarfi na kwantar da su, kuma kwantaccen haƙori ya fi gawar ƙwaro toshe iska. Idan akwai sararin da za ka fesa daga ɓangaren inji zuwa waje, ya fi kyau, domin dattin zai fita ta inda ya shiga. Ka dai kiyaye wayoyi da mahaɗansu. Kada ka sa magani mai kaifi a nan.

Wasu motoci na da na'urar rada mai auna tazarar abin da ke gaba a bayan tambari ko a ƙasan bamba, da ƙananan na'urori masu zagaye da ke ƙara idan an kusanci abu. Ka goge su da jiƙaƙƙen tsumma kawai, kada ka danna, kada ka saita musu feshi daga kusa.

Abubuwan da ba a kusantar da su

Soson waya da koren soson wanke-wanke, ko na minti ɗaya. Farin soson nan mai goge bango wanda ake ganin kamar laushi ne da shi, alhali kankara yake yi, yana dusashe kiliya. Garin sabulun wanki, wanda ƙwayoyinsa ke ƙarce kafin su narke, kaifinsa kuma ya kodar da roba. Fetur da tina da ruwan cire fentin farce. Man birki kuwa cin fenti yake yi har ƙasa. Sabulun wanke kwanuka ba zai lalata fenti a wanki ɗaya ba, amma yana ɗauke kaki, ya bar motar tsirara ga ƙwarin tafiya ta gaba. Akwai masu ba da shawarar a kwaɓa bakar hoda, wato hodar da ake sa wa fulawa ta tashi, a goge da ita. Garinta na da kaushi, a fenti mai duhu za ka ga sawunta.

Mataki na ƙarshe: mayar da kariya

Duk abin da ka yi a sama ya rage ko ya cinye abin da ke kare fentin. Ka shafa kaki ko shafin roba, wato shafin kariya da aka haɗa da sinadarai, a bamba, bonet, bayan madubai da gefen rufin da ke saman gilashi, siriri, ka bari ya yi hazo gwargwadon yadda aka rubuta, ka goge. Kakin gargajiya na carnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya, yana da kyan sheƙi amma zafi na cinye shi cikin makonni. Shafin roba yakan kai watanni. Shafin siramik, wanda ke daskarewa ya yi tauri a kan fenti, ya fi su daɗewa kuma ƙwari ba sa kama shi sosai, sai dai kada wani ya ce maka tsami ba ya cin sa idan an bar tabo ya kwana a rana. Mai yawan tafiyar babbar hanya, abin da ya fi yi masa amfani shi ne ledar kariya mai haske da ake mannawa a gaban mota, wadda kaurinta ya ninka na kiliya sau uku ko huɗu, tana kuma tare tsakuwa. Ita ma tana tabo idan an yi sakaci, amma ana ɓare ta a sa wata.

Yadda za ka gane kariyar ta ƙare: zuba ruwa a bonet. Idan ya dunƙule ya gangara, tana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi. Ya fi kyau a yi shafin kwana ɗaya kafin doguwar tafiya, ba bayan an dawo ba.

Ka ajiye kwalbar feshi mai ruwa da ɗan sabulun mota, da tsummokara biyu, a but. Idan ka isa inda za ka, ka bar bonet ya huce, ka fesa sosai, ka jira minti biyu, ka ɗauke tabon tun yana sabo. Idan motar ta sha ƙura sosai kuma ba ka da ruwan da za ka kurkure, ka tsaya ga gilashi da fitilu, fentin ya jira wanki na sosai washegari.

Tsummokaran da suka yi wannan aiki kuma a ware su. Ɓurɓushin ɓawon ƙwari na shigewa cikin zarensu. Ka jiƙa su a ruwan sabulu da ka gama, ka wanke su daban da kayan auduga, kada ka sa musu ruwan laushin tufafi domin yana toshe zaren, kuma kada ka busar da su da zafi mai yawa. Kafin ka sake amfani da kowanne, ka shafa shi a tafin hannunka. Wanda ka ji yana da kaushi, ka mayar da shi na goge taya.